Boila tana mutuwa kowace asuba, allura a sifiri: ina ruwan yake zuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, wannan ne hunturuna na farko a Bradford ta Ingila, ina gidan haya da yara biyu ƙanana. Yau sati biyu ke nan kusan kullum da asuba sai mu tarar boila, wato injin gas mai ɗumama gida, ta mutu, allurar agogon da ke gabanta ta kwanta a sifiri. Maƙwabciyata ta nuna mini yadda ake ƙara ruwa, in na ƙara zuwa 1.5 sai ta tashi. Amma na lura in gida ya ɗumama allurar tana haurawa har cikin ja, kusan 3. Na duba ko'ina ban ga ruwa a ƙasa ba. Ina ruwan yake zuwa? Kuma akwai haɗari in na ci gaba da ƙarawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, sannu da sanyi. Tashi da asuba a gida mai sanyi kamar randa, ga yara za su makaranta ga ke za ki aiki, ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa zan yi miki bayanin a tsanake.

Kin riga kin ba ni rabin amsar da kanki, a inda kika ce allurar tana haurawa kusan 3 in gida ya ɗumama. Yawancin masu kirana sifirin safe kawai suke gani, ba sa tsayawa su kalli abin da allurar ke yi da daddare. Alhali faɗuwar safe daga hawan daren nan take samo asali.

Ruwan da ke zagaya radiyetocin gidanki, wato ƙarafan jikin bango masu ɗumama ɗakuna, daban yake da na wanka da na kicin. A kulle yake cikin bututu, injin tura ruwa yana zagaya da shi daga boila zuwa ɗakuna ya dawo, shekara da shekaru ruwa ɗaya. Ke da kike auna hawan jini kullum ba sai na wahalar da ke ba: agogon nan matsin ruwan yake aunawa, da ma'aunin da ake kira bar. In komai ya huce, ya kamata allura ta zauna tsakanin 1 da 1.5. In an kunna ɗumi ta ɗan ɗaga, kamar rabin lamba, ta tsaya wajen 2 ko ƙasa da haka. In kuwa ta sauka wajen 0.5, yawancin boiloli suna kashe kansu da gangan, don kada su zama tukunyar da aka bari a kan wuta ba ruwa. Saboda haka mutuwar da take yi da asuba kare kanta take yi, kuma daidai ta yi.

To me ke hana allura wuce 2 a boila mai lafiya? Ruwa yana kumbura in ya yi zafi. Lita 100 na ruwan sanyi in aka kai shi digiri 80 yana ƙaruwa da kusan lita 3, kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska, dole a ba wannan ƙarin wurin zama. Don haka aka saka wani tulun ƙarfe a cikin boilar, galibi ja ne, fale-fale, a baya ko a gefe, mai cin kamar lita 8. Masu sana'a a nan suna ce masa ispanshan besul, ni kuwa tulun iska nake ce masa. Cikinsa an raba biyu da tantanin roba: ɓangare ɗaya ruwa, ɗaya kuma iska da aka hura ta kan bawul irin na tayar mota, matsinta wajen 1 ko ƙasa kaɗan. In ruwa ya kumbura sai ya tura robar, iskar ta matsu ta ba shi wuri. In ya huce iskar ta turo shi ya koma. Aikinsa ke nan dare da rana, ba wanda ya san da shi sai ranar da ya gaza.

Yana kuwa gazawa. Iskar tana sacewa a hankali cikin shekaru, kamar tayar keken da aka jingine aka manta, ko robar ta huje ruwa ya cika tulun gaba ɗaya. Daga nan ruwan da ya kumbura ba shi da wurin zuwa, sai allura ta dinga hawa. Tana kaiwa 3 sai wani bawul ɗin tsaro, wanda ake taƙaita sunansa da PRV, ya buɗe da kansa ya zubar da rarar. Ba a cikin gida yake zubarwa ba. Akwai siririn bututun jan ƙarfe da ya huda bango ya fita waje, bakinsa a lanƙwashe yana kallon bango ko ƙasa, ta nan ruwan ke fita. Sai ku kwanta, ɗumi ya mutu, ruwan da ya rage ya huce ya koma girmansa, amma yanzu ya ragu, ga shi babu iskar da za ta riƙe matsi. In tulun ya mutu, ko cikin kofin shayi ɗaya ya fita ya isa ya kwantar da allura. Ki tashi ki ƙara, dare ya yi ta sake zubarwa. Ruwanki yana bayan gida, a jikin bango, shi ya sa ba ki gan shi a kafet ba.

Kada ki ɗauki maganata haka nan, ki gwada. Da rana ki zagaya bayan bangon da boilar ke rataye, ki nemo bututun jan ƙarfen. Kada ki rikita shi da farin bututun roba mai ɗan kauri, wannan nasa aikin daban, zan zo kansa. Ki duba ƙarƙashinsa: akwai zanen danshi a bulo, ko kore-kore, ko ƙanƙara ta daskare a ƙasa daidai bakinsa? Ki sa masa ledar burodi ki ɗaure sako-sako da kyauro, yadda ruwa zai taru amma bakin bai toshe ba. In bututun yana sama inda sai da tsani, ki bar shi, ki ajiye bokiti a ƙasa. Sannan ki rubuta lamba uku: inda allura take da sanyi bayan kin ƙara ruwa, inda ta kai bayan minti 30 da kunna ɗumi, da inda kika same ta da safe. In ta tashi daga 1.5 ta nufi 3, kuma da safe kika ga ruwa a leda, magana ta ƙare.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe, domin a nan ake cin kuɗin mutane a banza. Bawul ɗin tsaron nan in ya buɗe sau da yawa, ɗan tsatsa ko datti yakan maƙale a bakinsa, ya daina rufewa ruf. Daga nan ko an gyara tulun zai ci gaba da ɗiga. Haka kuma in aka canza bawul ɗin kaɗai aka bar tulun a sace, sabon ma cikin 'yan kwanaki zai bi sahun tsohon. Na taɓa zuwa wani gida a nan Bradford, mutanen kirki, dattijo da matarsa da jikoki. Sau biyu ana canza musu bawul a hunturu ɗaya. Na zagaya baya na ga bangon ya yi kore tun daga bakin bututun har ƙasa, ga ƙanƙara ta yi tsini kamar ƙaho. Da na buɗe na danna kan bawul ɗin tulun, ko huci bai yi ba. Ba wanda ya taɓa sa masa gejin auna iska. Famfon iska irin na keke ya gama aikin, tare da bawul na uku, wanda da tun farko an duba tulun da ba a kai gare shi ba. Abin ya tsaya mini a rai, saboda tsofaffin nan sun yi watanni suna kwana da rigar sanyi a kan aikin da bai kai awa ɗaya ba.

In ma'aikaci ya zo, ki tsaya kusa ki ga yadda zai yi. Mai sanin aiki zai fara sauke matsin ruwan boilar gaba ɗaya, ya bar magudanar a buɗe, kafin ya auna iskar tulun, domin in akwai ruwa yana danne robar gejin ƙarya zai faɗa. In ya danna kan bawul ɗin ruwa ya fito maimakon iska, roba ta huje, sai sabon tulu. In iska ce kawai ta sace, ya hura ta zuwa adadin da kamfanin ya rubuta. Akwai kuma ɗan siririn tiyo da ya haɗa tulun da boila, yakan toshe da datti, tulun lafiyayye amma ruwa ba ya isa gare shi. A wasu boilolin ciro tulun sai an sauke boilar daga bango, to a nan abin da ake yi shi ne a bar tsohon a wurinsa a ɗaura sabo a waje, a kan bututun da ruwa ke dawowa ta cikinsa. Wannan gyara ne karɓaɓɓe, kada ki ga kamar an yi miki ha'inci.

Yanzu tambayarki ta biyu. Boilar ba za ta fashe ba don kin ƙara ruwa, bawul ɗin tsaro yana nan saboda haka. Na 'yan kwanaki, kafin mai gyara ya zo, ki ƙara don yara su ji ɗumi. Amma ki san zuba ruwa a rariya kike yi, kuma yana da illar da ba a gani nan take. A cikin ruwan nan akwai maganin hana tsatsa da aka zuba, irin su Sentinel X100 ko Fernox F1. Duk kofin da ya fita da magani ya fita, duk kofin da kika ƙara sabon ruwan famfo ne mai ɗauke da iskar oksijin. Radiyeta ƙarfe ce. Sai ta fara tsatsa ta ciki, tsatsar ta zama baƙar laka mai kama da gurɓataccen man inji, ta kwanta a gindin radiyetoci, ta shaƙe injin tura ruwa, ta toshe ƙananan hanyoyin boila. A yankunan da ruwansu ke da farar ƙasa, kamar Landan da kewaye, ƙari a kan haka sabon ruwa yana barin farin ɓawo irin na cikin butar shayi, har ka ji boila tana ƙugi. Boila mai lafiya sau ɗaya ko biyu a shekara take neman ƙari. Ta kullum kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Bayan gyara ki ce a auna maganin a ƙara.

Kafin nan, ki dinga ƙarawa boilar tana kashe kuma ta huce, ki tsaya a 1 ko 1.2 maimakon 1.5, ki kuma rage zafin radiyetoci daga maɓallin da ke gaban boilar zuwa wajen 55 ko 60. Ruwan da bai yi zafi sosai ba bai kumbura sosai, wataƙila allurar ta tsaya ba ta kai 3 ba. Ki buɗe makunnai biyu na tiyon ƙarin ruwan a hankali, idonki a kan allura, kuma ki tabbata kin rufe duka biyun tam. In suka rage a ɗan buɗe, ruwan famfo zai yi ta shiga a ɓoye, allura ta yi ta hawa ko boila tana kashe. Wannan ma yana kai ta 3, don haka ki duba shi tun yau.

In kin yi gwajin kika ga ledar a bushe, sai mu koma neman yoyo. Ki nema lokacin da radiyetoci suka huce, domin ƙaramin yoyo a bututu mai zafi ƙafewa yake yi kafin ya ɗiga. Ki ɗauki tishu ki bi kowace radiyeta, ki goga ƙarƙashin makunnan da ke gindinta hagu da dama, da inda bututu ya shiga ƙasa. Ki nemi farin ɓawo ko kore a mahaɗa, tsatsa a gindin radiyeta, kafet mai sanyi, katakon ƙasa da ya kumbura, tabo a silin ɗin ƙasa. Ki leƙa ƙarƙashin boilar kanta da tocila. In kuma kwanan nan wani ya fitar da iska daga radiyetoci da ɗan makullin nan, wannan ma yana sauke allura, amma sau ɗaya, ba kullum ba. In duk an duba ba a gani ba, ma'aikaci zai rufe bawuloli biyu na ƙarƙashin boila ya raba ta da sauran gidan, a bar ta a kashe ta kwana. In allura ta faɗi, yoyon yana cikin boila, wani lokaci tsagewa ce a inda wuta ke dafa ruwan, ruwan ya bi farin bututun roba ya tafi magudana ba wanda ya gani. In ta tsaya cak, yana cikin bututun ƙarƙashin ƙasa. Ban so ki taɓa waɗannan bawulolin da kanki, tsofaffinsu da an murɗa suke fara ɗiga, a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Tunda hunturunki na farko ne, bari in faɗa miki wasu mutuwar da ba ruwansu da allura, don wata rana za ki tashi ki ga allura a 1.2 lafiya lau amma boila ta ƙi tashi. Abu na farko ki karanta lambar da ke allon gaban boilar, ki ɗauki hotonta kafin ki danna komai. Kowane kamfanin boila da nasa lambobin: ƙarancin ruwa a Ideal F1 ne, a Vaillant F22, a Baxi E119. Rashin kamawar wuta kuwa a Worcester Bosch EA ne, a Vaillant F28 ko F29, a Baxi E133, a Ideal L2.

In lambar rashin wuta ce, fara da mita. Gidajen haya da yawa mitarsu ta kati ce, kuɗin gas ya ƙare da tsakar dare. Ki kunna murhun girki, in shi ma bai kama ba, ga amsarki. In akwai gas, kuma daren an yi sanyin da ruwa ke daskarewa, kuma kina jin boilar tana ƙululu kamar mai kuskure baki, to farin bututun roban nan ne. Tun watan Afrilu na 2005 doka a Ingila ta sa kusan duk sabuwar boilar gas ta zama irin mai tatsar zafi daga hayaƙinta, kuma wannan tatsar tana haifar da ruwa kamar zufa, wanda ke bin farin bututun zuwa magudana. In bututun ya bi ta waje, ruwan yakan daskare a gwiwa ko a baki, ya taru ya koma cikin boila, ta kashe kanta. A ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018, da iskar sanyi ta taso daga gabas ta rufe Birtaniya, wayata ba ta huta ba, kuma kusan duk kiran wannan ne. Maganinsa yana hannunki: ruwan ɗumi a buta, wanda hannu zai iya jurewa, ki zuba a jikin bututun daga sama zuwa baki har ki ji ƙanƙarar ta zube. Tafasasshe yana iya fasa robar. Ki kula da wanda ya zuba a ƙasa, yana daskarewa ya zama santsi. Daga baya a naɗe bututun da abin hana sanyi, in siriri ne a mayar da shi mai faɗin milimita 32.

Akwai kuma mutuwar zafi, inda boila ke tashi, ta yi ƙara kamar ana buga ƙarfe, ta mutu cikin minti kaɗan radiyetoci suna sanyi. Ruwan ne ba ya zagayawa, ko injin turawa ya ƙage ko laka ta toshe hanya. Wannan na ma'aikaci ne. Maɓallin sake tayarwa kuma sau ɗaya ko biyu ake dannawa. In ta sake mutuwa ki ƙyale ta, akwai dalilin da ya sa ta ƙi.

Duk abin da na ce ki yi da hannunki a wajen boilar yake. Murfinta kada ki buɗe, kada kuma ki bar wani ɗan'uwa mai ƙarambani ya buɗe, ko da injiniyan lantarki ne a gida. A boiloli da yawa murfin yana cikin abin da ke tsare hayaƙi kada ya shigo ɗaki. Doka ta ce mai rajista da Gas Safe kaɗai ke aikin gas, rajistar da ta gaji CORGI a 2009. Kowane ma'aikaci yana da kati mai hotonsa, bayan katin an jera irin aikin da aka yarda ya yi. Ki ce ya nuna miki, ba rashin kunya ba ne, mu kanmu mun fi son mai tambaya.

Kuma wannan gyaran ba daga aljihunki zai fito ba. Mutanenmu suna da kawaici, sai ka ga mace ta yi wata guda tana ƙara ruwa tana jin nauyin damun mai gidan haya. Sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida gyaran abin ɗumama gida da na ruwan zafi. Dokar gas ta 1998 ta wajabta masa kawo mai rajista ya duba kayan gas duk shekara, ya ba ki takardar cikin kwana 28. Tun Oktoban 2022 kuma a Ingila dole ya saka na'urar gargaɗin iskar guba ta kabon monoksaid a ɗakin da boila take. Ki duba ko akwai, ki danna ki ji ta yi ƙara. Ki rubuta masa ko wakilinsa a rubuce, kada ki tsaya a kiran waya: ranar da abin ya fara, lambobin nan uku, hoton agogo da sanyi da zafi, hoton ledar da ruwanta, ki ce akwai yara ƙanana a gidan. In ya yi ta ja miki rai, sashen kula da gidajen haya na ƙaramar hukuma yana da ikon tilasta masa.

Abu ɗaya nake roƙonki saboda Allah. In boilar ta mutu da dare, kada a shigo da gawayi. A gida mun saba da kaskon wuta a ɗaki lokacin ɗari, kuma ko a can yana kashe mutane, balle nan da tagogi suke rufe ruf ba ta inda iska ke shiga. Haka kunna murhun girki a bar shi don ɗumi. Hita ta lantarki a ɗaki ɗaya, ku haɗu a ciki da barguna, ta wadatar har gari ya waye. Kin fi ni sanin alamun shaƙar iskar guba: ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ke kama mutanen gida tare, su lafa in an fita waje. In kin ga haka, ko kin ji warin gas, ki buɗe tagogi, kada ki taɓa makunnin lantarki, ki fitar da yara, ki kira layin gaggawa na gas, 0800 111 999.

Ki ɗaura ledar yau kafin magariba, tunda rana tana faɗuwa da wuri yanzu. Gobe ki turo mini lambobin uku da abin da kika tarar a ciki, da lambar da allon ya nuna. Ki gaida yaran.